Tsohuwa da Koren Kwano

A shekarun da aka fara turo mata cikin kasuwa da bam ɗaure a ciki, babu abin da mutanen Maiduguri ke tsoro kamar baƙuwar fuska mai ƙullin kaya a ƙarƙashin mayafi. Shi ya sa ranar da tsohuwar nan ta ɓullo layin su Sauda a Hausari, da hantsi, tana jan ƙafa, hannayenta biyu rungume da wani tudu a cikinta, nan da nan layin ya watse. Mai shayi ya bar tukunyarsa a kan wuta. Mai faci ya tsallake kwata ya faɗa gidan da ba nasa ba. Samarin unguwa masu sintiri, waɗanda ake kira 'yan gora, suka tsaya daga nesa suna daka mata tsawa da Barbarci da Hausa, wai ta ɗaga hannu, ta kwance abin da ta ɗaure.

Ba ta ɗaga ba, ba ta kwance ba. Sai ma ta nemi gindin darbejiyar da ke ƙofar gidan Nasidi tela ta zauna, ta miƙe ƙafafu. Tafin ƙafarta duk ya tsage, jini ya bushe a ciki.

Sauda, matar Nasidi, tana leƙe ta kafar ƙyaure. Iyayenta Kanawa ne, amma a nan aka haife ta, kuma ta gaji sana'ar mahaifiyarta ta sayar da kwanuka da tangaran na jere a cikin gida. Tun tana yarinya take naɗe kwano a zane tana kai wa amare. Da tsohuwar ta jingina da itacen, zanen ya ɗame a kan abin da ke cikinta, sai Sauda ta ga wani ɗan zagaye ya fito a tsakiya. Ta san wannan zagayen. Ta ga ɗaya daga cikin samarin ya sunkuya ya ɗauki dutse, wani kuma ya kara waya a kunne yana neman sojoji.

Ta buɗe ƙyauren ta fito.

"Ku tsaya! Kwano ne," ta ce. "Wallahi gindin kwano ne."

"Hajiya koma ciki!"

Ba ta koma ba. Ta ƙarasa, ta durƙusa gaban tsohuwar, ta ce, "Iya, sannu," ta maimaita da Barbarci, "Wushe." Ta kai hannu a hankali ta ɗage gefen zanen. Wani bakin kwano ne ya leƙo, kore shar, mai ratsin rawaya. Ta juya shi yadda samarin za su gani. Wanda ya ɗauki dutsen ya sake shi ƙasa, ya yi ta salati.

Haka tsohuwar ta shiga gidan Nasidi.

Sauda ta yi mata wanka, ta gasa mata ƙafafu da ruwan ɗumi, ta shafa man kaɗanya, ta dama mata kunu. Ta sha. Amma magana, ko ɗaya. An yi mata Barbarci, an kira maƙwabciya ta yi mata Larabcin Shuwa, an samo wata ta yi mata Fillanci. Tana ji, don idan an ce ta miƙo hannu tana miƙowa, idan an kira salla tana tashi ta yi alwala. Sai dai bakin ne a rufe. Kwanon kuwa ko banɗaki za ta shiga da shi take shiga. Ba ta ci a cikinsa, ba ta sha, ba ta barin kowa ya taɓa.

Nasidi mutum ne mai tausayi, amma ya ga abin da ya gani. An taɓa kwashe mazan wani gida a layin bayansu saboda baƙon da suka saukar ba su san ko wane ne ba, har yanzu biyu ba su dawo ba.

"Sauda, kin san lokacin da muke ciki," ya ce da ita wata rana bayan ya dawo daga shago. "Idan aka zo aka ce wace ce wannan, me zan ce? In ce ban sani ba? Na je wajen Bulama, mai unguwarmu. Ya ce mu riƙe ta tukuna, amma mu nemo danginta. In ba a samu ba, a kai ta sansanin 'yan gudun hijira."

"Malam, ka taɓa shiga sansanin nan? Mai baki ma da ƙyar yake samun abinci, balle wadda ba ta magana."

"To ki nemo mata dangi. Ni ban ƙi ba."

Sauda ta zaga inda za ta iya zagawa. Ta ɗauki hoton tsohuwar a waya ta nuna a makarantun da aka mayar masaukin 'yan gudun hijira, ta nuna wa mutanen Bama, na Marte, na Gamboru. Kowa ya duba sai ya girgiza kai, sannan shi ma ya ciro nasa hoton ya nuna mata.

Sai da aka yi makonni kafin tsohuwar ta yarda da ita. Wata safiya Sauda na goge tangaran ɗinta a tsakar gida, tana jera su a tabarma, sai ta ji an taɓa kafaɗarta. Tsohuwar ce ta kwance zanen, ta miƙo mata kwanon, ta nuna tsumman gogewa. Sauda ta karɓa da hannu biyu.

Shekara ashirin tana wannan sana'a ba ta taɓa riƙe irinsa ba. Ya fi tangaran nauyi, ya fi shi kauri. Cikinsa rawaya ne, an zana wasu layuka masu ruwan ƙasa suna haɗuwa a tsakiya kamar ganyen dabino, bakin kuma kore. Babu tambarin kamfani a gindi. Da ta kai shi hanci sai ta ji ƙamshin tsohon turaren wuta, irin wanda ya daɗe da shiga jikin abu. Ta goge shi, ta mayar wa mai shi. Zuciyarta ta raya mata cewa kwano irin wannan ba a kowane gida yake ba. Idan aka san inda ya fito, wataƙila a san gidan da ya zauna.

Nan ta tuna da Baba Pindar. Mutumin kudancin Borno ne, ɗan ƙabilar Babur, ya yi aiki a gidan adana kayan tarihi har ya yi ritaya. Lokacin mahaifiyarta na da rai yakan zo ya zauna a zaure, a fito masa da tsofaffin tangaran da dillalai suka kawo, ya yi ta juya su yana tambayar daga wane gida suka fito. Ta yi cigiya aka ce yana nan da ransa a Galtimari.

Da yake tsohuwar ba ta rabuwa da kwanon, tare suka tafi. Sauda ta sa ta riƙe shi a fili a kan cinya, ba a rufe ba, don kada a sake abin da aka yi. A kowane shinge sai an sauke su daga keke an duba, sannan su wuce.

Gidan Baba Pindar cike yake da mutane. 'Yan'uwansa da suka gudo daga ƙauyukansu sun cika ɗakuna, an kafa rumfar buhu a tsakar gida, yara na kwance a inuwarta. Ya tsufa, ya rame, amma ya gane Sauda tun kafin ta faɗi sunan mahaifiyarta. Matarsa Dorothy ta shimfiɗa musu tabarma a bayan ɗaki, ta kawo ruwa. Sauda ta ba shi labari tun daga farko.

Bai miƙa hannu ga kwanon ba. Ya gaishe da tsohuwar da Barbarci, ya kira ta Ya, wato uwa, ya ce, "Ya, ki ajiye shi a nan tsakaninmu. Ba zan ɗaga shi daga tabarmar nan ba sai da izininki." Ta daɗe tana dubansa, sannan ta ajiye, amma ta bar yatsunta a gefe.

Ya sa tabarau. Ya ƙwanƙwasa bakin da farce, ya kasa kunne.

"Kin ji, 'yata? Tangaran na ƙasar Sin, ko na Turai, idan kika buga shi ƙara yake yi kamar ƙararrawa. Wannan muryarsa a dushe take. Yumɓu ne, irin na tukunya, aka yi masa ruwan gilashi aka sake gasawa." Ya nemi izini ya kifa shi. "Dubi gindin, inda sheƙin bai kai ba. Ƙasar fara-fara ce, mai ɗan ja. Ba ƙasarmu ba ce. Matanmu na nan ba sa yi wa tukunya ruwan gilashi, da dutse suke goge ta har ta yi santsi. Ga kuma sawun yatsu suna zagayawa, ba inji ne ya buga shi ba, mutum ne ya zauna ya murza."

Ya mayar da shi daidai, ya nuna mata wasu ƙananan tabo uku a ciki, waɗanda ita ta ɗauka ƙwarzanewa ce.

"Wannan ba lalacewa ba ce. A wajen gashi ake jera su, wani a kan wani, a sa ɗan ƙaramin murhu mai ƙafa uku a tsakani don kada su manne. Idan an cire sai ya bar wannan. Haka magina na arewa suke yi, can bakin teku, wajen Tunis. Wannan kore da rawayan ma nasu ne. Daga can ake kawo su Tarabulus, a naɗe su cikin ciyawa, a ɗora wa raƙuma, a ratso hamada har Kukawa, tsohuwar fadar Borno."

"Baba, ya kai shekara nawa?"

"Ba zan rantse miki a kan shekara ba. Amma dubi yadda sheƙin ya tsattsage ƙanana-ƙanana, mai ya shiga ya yi baƙi. Dubi gindin yadda ya cinye da ajiyewa da ɗauka. Wannan ba aikin rayuwar mutum ɗaya ba ne. Ayarin raƙuma kuma ya daina zuwa tun farkon zuwan Turawa. Ya haura shekara ɗari, wataƙila da yawa. Ina zaton ya riga Yerwa, wato Maidugurin nan, zama gari."

Sauda ta matso kusa, ta ce, "To daga Kukawa take ke nan?"

Ya girgiza kai. "Kukawa ta watse tun zamanin Rabe. Mutanenta sun bazu Dikwa, Monguno, nan Yerwa, har Kamaru. Ni inda aka yi shi na sani, da hanyar da ya biyo. Gidan da ya kwana a ƙarshe ban sani ba."

Yana maganar yana bin bakin kwanon da babban yatsa, sai ya tsaya. Ya matso da shi haske. A gefe ɗaya koren ya goge, yumɓun ya fito fari tas, ga ƙananan ɓalli a jere.

"Wannan kuma sabo ne," ya ce a hankali. "Bai kai wata uku ba. Ga yashi a cikin tsagar. An kwashi ƙasa da shi, ba kaɗan ba."

Ya ɗago ya dubi tsohuwar. Ta janye kwanon, ta rungume, ta kawar da kai. Baba Pindar ya cire tabarau ya goge ido.

Sai da suka tashi tafiya ya ce, "Na taɓa ganin ɗan'uwansa sau ɗaya. Zanen dabinon nan, da koren bakin, duk iri ɗaya. A Abbaganaram ne, wajen wata Hajja Kellu, jikar Larabawan Fezzan, can cikin hamada, da suka zo suka zauna Kukawa. Na yi ta roƙonta ta ba mu aro mu ajiye a gidan tarihi, ta ce ko gawarta sai ta yi shawara. In tana da rai, ku je. Irin waɗannan mata sun san wace amarya ce ta tafi da me."

Hajja Kellu tana da rai, sai dai ido ya tafi. Suka same ta washegari a ɗakinta, a kan darduma, ga kaskon turare a gefe. Da ta ji abin da ya kawo su, ta sa aka buɗe wani tsohon akwatin ƙarfe aka ciro nata. Ya tsage biyu, an ɗinke shi da wayar tagulla, amma ko makaho ya shafa ya san uwa ɗaya ta haife su. Tsohuwar ta yarda aka ɗora nata a cinyar Hajja. Hajja ta bi shi da tafin hannu ciki da waje, ta shinshina.

"Uku ne," ta ce. "Mahaifin kakata ya kawo su daga Tarabulus, ya raba wa 'ya'yansa mata. A ciki ake kwaɓa turaren amare, ba a cin abinci a ciki. Ɗaya ya fashe a gudun Rabe. Ɗaya ga shi a wurina. Na ukun ya bi ƙanwar kakata zuwa Dikwa, daga ita sai 'yarta, daga 'yarta sai Aminat." Ta sake shafa kwanon. "Aminat ce ke da shi. Rabona da ita tun muna 'yan mata, a wani biki. Ɗanta Kashim ya zo nan yana kuka, ya ce ranar da 'yan bindiga suka shiga Dikwa yana Gamboru wajen kasuwanci, ta Kamaru ya zagayo. Babu sansanin da bai shiga ba yana nemanta."

Ta miƙa hannu tana lalube har ta sami fuskar tsohuwar. Ta shafa goshi, ta shafa kumatu. "Aminat? Ke ce? Ni ce Kellu."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Hawaye suka zubo a hannun Hajja.

"Ku kira Kashim," in ji Hajja. "Lambarsa na wurin ɗana. Ku ce masa ya zo yanzu."

Sauda ba ta taɓa jin lokaci ya yi tsawo kamar wannan jiran ba. Ta kira Nasidi ta ce an samu, an samu, ya yi ta hamdala a waya. Matan gidan suka taru a ƙofar ɗaki. Wata har ta ɗora ruwan shayi.

Bayan azahar ya iso, dogon mutum, ya kai shekara arba'in da wani abu, rigarsa jiƙe da gumi, takalmi ɗaya ya tsinke a hanya yana riƙe da shi a hannu. Tun daga zaure yake kira da Barbarci, "Yani! Yani!" wato uwata. Aka ba shi hanya. Ya shigo, idonsa ya fara sauka kan kwanon, ya yi wani sauti kamar an naushe shi a ciki. Sannan ya dubi wadda ke riƙe da shi.

Ya daɗe yana dubanta. Ya dubi sauran matan ɗakin ɗaya bayan ɗaya, har da Sauda, kamar ko an ɓoye wata a bayansu.

"Kwanon nata ne," ya ce. "Amma wannan ba ita ba ce. Ban san wannan baiwar Allah ba."

Sauda ta ji kamar ta nutse cikin ƙasa. Ita ta tayar da mutumin nan da gudu, ita ta sa aka ce masa an ga uwarsa.

Kashim ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Ya, don girman Allah. Ina kika samo shi? Ina mai shi?"

Sai aka ji wata murya, a shaƙe, kamar ƙyauren da ya daɗe ba a buɗe ba.

"Kai ne Kashim?"

Sauda ta dafe baki. Wannan ne karo na farko da ta ji muryar matar da take yi wa wanka kullum.

"Ni ne."

"Ɗan Aminat, mai tabon ƙuna a hannun hagu?"

Ya janye hannun riga ya nuna mata. Ta duba sosai. Sannan ta ɗauki kwanon da hannu biyu ta ɗora a nasa hannun, ta janye nata, ta ajiye su a cinya. Sauda ta ga yadda yatsun suke motsi, sun rasa abin riƙewa.

Da Barbarci ta yi maganar, a gutsure, tana tsayawa tana ci gaba, ba wanda ya katse ta. Sunanta Fanna. Daga wani ƙaramin ƙauye take a bayan Dikwa. Ba ta san Aminat ba sai a hanya, cikin ayarin mata da tsofaffi da suka sulale suka nufo Yerwa ta daji, suna gudun titi. Su biyun ne suka fi kowa rashin sauri, don haka aka yi ta barinsu a baya, har wata rana suka duba ba su hango kowa ba. Idan sun sami ruwa a wani kududdufi, da kwanon suke ɗiba su sha. Aminat tana dariya tana cewa da kakarta za ta ga ana shan ruwan kwatami a ciki, da ta tsine mata.

Ƙafafun Aminat suka kumbura, sannan zawo ya kama ta. Kafin su kai Mafa ta kwanta a gindin wata aduwa, kusa da busasshen rafi, ta ce ita nan ta tsaya. Ta ce, ki kai wa ɗana Kashim wannan a Yerwa, ki ce masa ban sha wahala ba. Ta yi kalmar shahada da bakinta. Da rana tsaka ta cika.

"Babu ruwan da zan yi mata wanka," in ji Fanna. "Na yi mata taimama. Na naɗe ta da mayafina da nata. Ƙasar wurin ta yi tauri, na ja ta zuwa cikin rafin inda yashi yake. Na tona da hannu, farce ya ƙare. Sai na tona da kwanon. Ka yafe mini, na ɓata maka bakinsa. Ramin bai yi zurfi yadda ya kamata ba, amma na fuskantar da ita gabas, na sa ƙaya a kai saboda namun daji. Ni mace ce, ni kaɗai. Ban san ko na yi daidai ba."

Kashim ya kifa goshinsa a kan tabarma kusa da ƙafafunta, kafaɗunsa na girgiza. Da ya iya magana ya ce, "Kin yi daidai, Ya. Wallahi kin yi daidai. Abin da ni ban yi mata ba kin yi."

"Da na shigo Yerwa na ga mutane," ta ce, "na ce Kashim nawa ne a garin nan? Idan na buɗe baki in tambaya, sai in ji babu komai a ciki."

Hajja Kellu ta yi ta jan innalillahi, matan ƙofa na amsawa. Can Sauda ta matsa kusa, ta ce, "Iya, ke fa? Naki mutanen, wa za mu nema?"

Fanna ta dube ta, irin kallon da uwa ke yi wa 'yar da ta yi tambayar yarinta.

"Kada ki wahalar da kanki, 'yata. A gabana aka yi. Babu wanda za a nema."

Ba ta ƙara ba, ba a kuma sake tambayarta ba, a ranar ko bayanta.

Bayan la'asar aka yi wa Aminat sallar gawa ba gawa, a masallacin layin. Nasidi ya rufe shago ya zo ya tsaya a sahu. Da aka idar Kashim ya ce zai tafi da Fanna, uwarsa ce yanzu. Amma shi kansa a ajin wata makaranta yake kwana da matarsa da 'ya'ya da wasu iyalai uku, an raba da labulen buhu. Nasidi ne ya ce, "Malam Kashim, bar ta inda ta saba. Gidana naka ne, ka zo duk lokacin da ka so." Sauda ta dubi mijinta, shi kuma ya kawar da kai yana gyara hula.

Fanna ta zauna a Hausari. Magana ta dawo mata kaɗan-kaɗan, ba ta taɓa yawa ba. Ta karɓi tsinkar zogale da ɓarar gyaɗa, ta koya wa Sauda yadda ake miyar kuka da busasshen kifi irin ta mutanen bakin tafki. Wani lokaci tana cikin aiki sai hannunta ya tsaya, ta yi shiru tana kallon bango, sai a ƙyale ta har ta dawo. Kowace Juma'a bayan an sauko Kashim yakan zo da goro ko ɗan dabino, ya zauna a bakin ƙofarta, ta yi masa faɗa a kan ramewa.

Sai bayan damina biyu aka fara barin motoci su bi hanyar Dikwa da rakiyar sojoji. Kashim ya zo ya zauna ya sa ta sake kwatanta masa wurin: busasshen rafi, aduwa mai reshe ɗaya a karye, wata tsohuwar rijiya da suka wuce da safen ranar. Ya bi ayarin ya sauka a Mafa, ya sami wani maharbi da ya yarda ya raka shi iyakar inda ake iya zuwa.

Ranar da ya dawo, Sauda na tsakar gida ta ga shigowarsa, ta san amsar tun kafin ya zauna.

"Ban same ta ba, Ya," ya ce. "Rafin ya yi ruwa sau biyu, ya canza hanya. Aduwa kuma ta fi a ƙirga. Maharbin ya ce kada mu wuce wani wuri, akwai bama-baman da aka binne a ƙasa. Duk aduwar da na gani kusa da rafi na tsaya na yi mata addu'a."

Fanna ta murza bakin zanenta.

"Ka duba ta hagun, in ka ba Mafa baya?"

"Na duba hagu, na duba dama."

Ta gyaɗa kai. "To. Wanda ya karɓe ta ya san wurin." Ta juya wajen madafa ta ɗaga murya kaɗan. "Sauda, zubo masa abinci. Tun safe bai ci komai ba, dubi bakinsa."

Sauda ta zubo, ta kawo da ruwan wanke hannu. Ya ci kaɗan, Fanna ta matsa masa ya ƙara, ya ƙara.